Monitocin gem: jinkirin fitowa da aibin da ake samu a zubin farko

Sadiq: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ke ɗaure mini kai game da monitocin gem, musamman manyan. Kamfani zai nuna monita a baje kolin CES a watan Janairu, ya ce tana nan fitowa tsakiyar shekara, sai shekarar ta ƙare ba a gan ta ba. Ranar da ta fito kuma sai ka ji masu saye suna kuka da hasken da ke tsiyaya ta gefen allo, da matattun ɗigo (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton allo), da ƙyaftawar hoto. To in don a gyara aka yi jinkirin, me ya hana aibin tafiya? Masana a warware mana.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam, Sadiq. Abu na farko da za ka riƙe, mai sunan da ke jikin monita yawanci ba shi ya ƙera gilashinta ba. Asus da Acer da MSI da Dell duk sayen fanel, wato gilashin da ke nuna hoto, suke yi daga hannun kamfanoni 'yan ƙalilan: AU Optronics da Innolux na Taiwan, LG Display da Samsung Display na Koriya ta Kudu, BOE da CSOT na Sin. Shi ya sa za ka ga kamfanoni uku ko huɗu sun sanar da monita mai girma ɗaya da sauri ɗaya a lokaci guda, sannan su makara tare. Fanel ɗaya dukkansu suke jira.

Misalin da kowa ya sani shi ne Asus PG27UQ da Acer Predator X27. A 2017 aka sanar da su: inci 27, 4K, 144Hz (wato sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa), fitilar baya mai yankuna 384 da kowanne ke ƙara haskensa ko ya rage shi kaɗai. Fanel na AU Optronics ne, na'urar sarrafa hoton kuma G-Sync ce ta Nvidia. Ba su shiga kasuwa ba sai tsakiyar 2018. Yayyensu masu inci 35, PG35VQ da X35, an nuna su a baje kolin Computex na 2017, sai 2019 aka fara sayar da su. PG32UQX mai yankuna 1152 ma an nuna ta a farkon 2020, ta fito a 2021.

Abin da ake ɗorawa a kan tebur a baje koli samfuri ne, guda biyar ko goma da aka haɗa da hannu aka zaɓo mafi kyawu. Haɗa goma masu kyau ba wuya. Wahalar tana wajen fitar da dubbai a kowane wata, kowacce ta yi daidai da 'yar uwarta. Tsakanin samfuri da kasuwa akwai matakai uku da masana'antu ke bi, EVT da DVT da PVT: na farko a ga ko ƙirar tana aiki, na biyu a gwada ta da zafi da sanyi da jijjiga da faɗuwa, na uku a gwada layin haɗawar kansa. Ko a wanne aka tarar da matsala sai an koma baya, kuma sauya abin zubin robar jikin monita kaɗai yana iya cin makonni da yawa.

Baban Zahra: Injiniya, na yarda da wannan, amma ai bai amsa tambayar yaron ba. In dai an ƙara shekara guda ana gwaji, kamata ya yi abin da ya fito ya zama tas. Ni a ganina jinkiri alama ce mai kyau, gara a makara a kawo mai inganci.

Injiniya Bala: Ba a nan gizo yake saƙar ba, Baban Zahra. Shekarar nan ba a gwajin kowace monita ake kashe ta ba. Yawanci abu ɗaya ne ya tsaya, ko fanel, ko guntun da ke sarrafa hoto, ko manhajar ciki, sauran sassan suna zaune suna jira. A 2020 da 2021, misali, ƙananan guntayen da ke tura wuta zuwa layukan allo ne suka yi ƙaranci a duniya, saboda masana'antun da ke yin su a kan faifan silikon mai inci 8 sun cika maƙil. Wannan jinkirin bai ƙara wa ko monita ɗaya inganci ba.

Kuma da zarar abin da ake jira ya iso, sai a shiga gaggawa. An riga an karɓi kuɗin masu oda, abokan gasa suna dab da fitar da tasu, don haka zubin farko shi ne wanda aka fi hanzarin turawa. Ma'aikatan layi ba su gama sabawa da ƙirar ba, injin ɗaure sukurori bai gama daidaita ba. Monitar da ta makara tana iya fitowa da aibi fiye da wadda ta zo a kan lokaci.

Hajiya Rabi: Bari in ƙara a kan maganar Injiniya ta ɓangaren duba inganci, don a nan mutane suka fi yin kuskuren fahimta. Kowace monita ana kunna ta a layi, a nuna mata launuka na 'yan daƙiƙu. Amma bincike mai zurfi ba kowacce ake yi wa ba, ɗiba ake yi. Ma'aunin da aka fi bi shi ne ISO 2859-1. A rukunin da ke da kaya tsakanin 3,201 da 10,000, a matakin bincike na yau da kullum, guda 200 ake cirowa. Idan an amince da iyakar aibi ta 1.0 cikin ɗari, samun biyar masu matsala a cikin 200 ɗin ba ya hana rukunin wucewa, sai an sami shida ake mayar da shi. Idan iyakar 2.5 ce, har goma ana karɓa. Wato tsarin da kansa ya san akwai masu aibi a cikin kwalayen da za a tura, ya kuma yarda da hakan.

Sai maganar matattun ɗigo. Yawancin kamfanoni suna jingina da ISO 9241-307, wanda ya gaji ISO 13406-2. Ya kasa allo aji-aji. Aji na 0 babu aibi ko ɗaya. Aji na II, inda mafi yawan monitocin kasuwa suke, yana yarda da ɗigo biyu masu haske kullum da biyu matattu a cikin kowane miliyan, ban da ƙananan ɗigon launi da ake yi wa sassauci fiye da haka. Ku yi lissafi: allo mai 2560 sau 1440 yana da ɗigo 3,686,400, ga shi kusan bakwai masu haske sun halatta. Na 4K yana da 8,294,400, a nan an kai goma sha shida. Mai saye yana ganin ɗigo ɗaya a tsakiyar allo ya ce kaya sun lalace, takardar garanti kuma ta ce lafiyarsu ƙalau.

Sadiq: Hajiya, goma sha shida? To ai wannan cuta ce.

Hajiya Rabi: Iyakar ma'aunin ke nan, ƙanena, ba wai kowane kamfani ne ke kaiwa can ba. Da yawa suna da ƙa'idarsu da ta fi tsauri, wasu suna canza maka saboda ɗigo ɗaya mai haske amma ba sa canzawa saboda mai duhu sai ya kai uku ko biyar. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, ka karanta ƙa'idar ɗigo ta wannan ƙirar kafin ka biya, ba bayan ka buɗe kwali ba. Ka kuma tuna allon 4K yana da ƙananan ɗigo 24,883,200, ja da kore da shuɗi, kowanne da ɗan makunninsa. Ƙura ɗaya da ta faɗa lokacin ƙira ta isa ta kashe ɗaya. Saboda haka masana'anta ke kasa fanel zuwa daraja-daraja, kuma idan masu kyau sun yi kaɗan a sabon fanel, zaɓi biyu ne ya rage wa mai monita: ya jira, ko ya sassauta darajar da zai karɓa. Na farko shi ne jinkirin da kake gani, na biyu shi ne aibin. Tushensu ɗaya.

Malam Habu: Maganar Hajiya ta ƙarshe ita ce zancen. Ni kuma zan tsaya a kan hasken gefe, don abubuwa biyu ne mabambanta ake haɗa su da suna ɗaya, kuma mutane da yawa suna mayar da monita mai lafiya su karɓo wadda ta fi muni.

Na farko ƙyallin IPS ne, IPS kuwa wani nau'in fanel ne na LCD, wato allon ruwan kiristal mai fitilar baya. Wannan halin fanel ɗin ne, ba lalacewa ba. Idan allo ya yi baƙi za ka ga kusurwoyi sun yi fari-fari ko ruwan ɗorawa, saboda daga inda kake zaune kana kallon kusurwar ne a karkace. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka ja baya kamar mita biyu, ko ka matsar da kanka ya yi saitin kusurwar. Idan hasken ya ragu ko ya ɓace, ƙyalli ne, kuma ko sau goma aka canza maka za ka same shi.

Na biyu tsiyayar fitila ce, ita ce aibin haɗawa. A yawancin monitoci fitilun LED suna jere a gefe ɗaya, galibi ƙasa, sai wani faifan roba mai haske ya baza hasken zuwa ko'ina, a samansa akwai shimfiɗu siraran da ke daidaita shi, sannan gilashi. Duk waɗannan firam ɗin ƙarfe ne ke riƙe da su. Idan aka matse sukuru ɗaya fiye da kima, ko firam ya ɗan lanƙwasa, ko soson da ke tsakani bai zauna daidai ba, gilashin yana shan matsi a wurin, ruwan kiristal ɗin da ke ciki ya kasa toshe haske. Sai ka ga harshen haske yana shigowa daga baki. Wannan ba ya motsi ko ta ina ka kalle shi. Asus PG279Q da Acer XB271HU na 2015, masu fanel ɗin AU Optronics na 165Hz, sun sha ƙorafi sosai a kan wannan, har aka riƙa cewa sayensu sa'a ce. Ƙirar da ba ta da kauri a gefe da allo mai lanƙwasa sun fi saurin kamuwa, domin wurin da zai ɗauki matsin ya yi kaɗan.

Kada kuma a yarda da hoton waya. Kyamara a ɗaki mai duhu tana buɗe ido sosai, ta mayar da ɗan haske kamar gobara. Da idonka za ka yi hukunci, a hasken da kake amfani da shi.

Baban Zahra: Malam Habu, ana cewa idan aka sassauta sukurorin baya ko aka shafa wurin da tsumma tsiyayar tana raguwa. Gaskiya ne?

Malam Habu: Wani lokaci tana raguwa, tunda matsi ne ya kawo ta. Amma ban ba kowa shawarar ya yi wa sabuwar monita haka ba. Buɗe baya yana iya zubar da garanti, danna gilashi kuma yana iya haifar da tabon da ba ya fita. Muddin kana cikin kwanakin mayarwa, mayar da ita. Dabarun nan na wanda ba shi da sauran mafita ne.

Nura: Duk an yi maganar gilashi, amma a 'yan shekarun nan manhajar ciki ta fi gilashi jawo jinkiri da ƙorafi. Monitar gem ta yanzu ƙaramar kwamfuta ce. Dole ta daidaita saurinta da katin hoto a kowane firam, wato kowane hoto ɗaya da allo ke nunawa, ta sarrafa HDR mai faɗaɗa tazarar haske da duhu, ta kunna ɗaruruwan yankunan fitila a daidai lokacin da hoton ya iso, ta kuma yi magana da katin Nvidia da na AMD da PlayStation da Xbox ba tare da allo ya ɗauke ba.

Ɗauki saitin Overdrive. A 144Hz kowane firam yana da milisakan 6.9, a 240Hz yana da 4.2. Ruwan kiristal ba ya juyawa da wannan saurin shi kaɗai, sai an buga masa wutar da ta fi wadda ake buƙata na ɗan lokaci. Idan bugun ya yi kaɗan sai ka ga inuwa tana bin abu mai motsi. Idan ya yi yawa launin ya zarce inda aka nufa, sai ka ga farin zobe a bayansa. Matsalar ita ce bugun da ya dace da 240Hz ya yi yawa a 60Hz, alhali da FreeSync ko G-Sync, masu sa saurin monita ya bi na katin hoto, saurin yana hawa yana sauka a cikin gem ɗaya. Sai an auna tebur na musamman ga kowane zangon sauri. Wannan aikin yana cin lokaci, kuma shi aka fi yankewa idan ranar fitarwa ta matso. Adadin 1ms da ake rubutawa a kwali yawanci da saitin da ya fi kowanne ƙarfi aka auna shi, wanda ba mai iya buga gem da shi.

Ƙyaftawa kuma ta fi damun fanel nau'in VA da OLED. A waɗannan, hasken launuka masu duhu yana ɗan canzawa gwargwadon tsawon lokacin da firam ya zauna. Idan gem ya faɗo daga firam 200 a daƙiƙa zuwa 70 ya sake hawa, duhun allo yana rawa. Samsung Odyssey G7 ta 2020 ta yi suna da wannan, daga baya aka ƙara mata saitin VRR Control ta sabunta manhaja. Shi ya sa nake cewa kafin ka saya ka tabbatar kai da kanka za ka iya sabunta manhajar ta USB ko ta kebul. Akwai ƙirar da sai an aika ta wurin gyara kafin a sabunta.

Injiniya Bala: Nura ya tuna mini da wani abu game da PG27UQ ɗin nan. Bayan duk jiran, ba ta iya ba da cikakken 144Hz da cikakken launi ba, kuma ba aibin haɗawa ba ne, lissafi ne. DisplayPort 1.4, wato mahaɗin monitar da kwamfuta, yana ɗaukar gigabit 25.92 na bayanai a daƙiƙa. 4K a 144Hz da launi mai bit 10 yana neman kusan 35.8, ko da bit 8 ma 28.7 ne. Don haka cikakken launi na bit 10 ya tsaya a 98Hz, na bit 8 a 120Hz, sama da haka sai an rage bayanan launi zuwa 4:2:2, rubutu ya yi gefe-gefe. Sai da DSC, dabarar matse bayanan hoto, ta shigo monitoci aka rabu da wannan. Yau ma a kula: tun ƙarshen 2021 aka san cewa ana iya rubuta HDMI 2.1 a kan mashigar da ba ta wuce gigabit 18 na tsohon 2.0 ba. Ka nemi adadin a takarda, 48 ne cikakke.

Baban Zahra: To ni dai na ja da baya a kan cewa jinkiri alama ce mai kyau. Amma OLED fa? Ai babu fitilar baya, babu tsiyaya.

Malam Habu: Babu tsiyaya, amma tana da nata. A launin toka mai duhu, kamar kashi biyar cikin ɗari na haske, za ka iya ganin layuka a tsaye. A sabuwar monita sukan ragu bayan ta yi gyaran ɗigo na kanta sau biyu ko uku, wanda yawanci take yi bayan kimanin awa huɗu na aiki idan aka kashe ta. Saboda haka kada a zare mata wuta daga bango da zarar an gama, a bar ta ta kammala. QD-OLED na farko, wani nau'in OLED ne, irin na Alienware AW3423DW ta 2022, ƙananan ɗigonsa a jere suke kamar kusurwa uku, shi ya sa gefen rubutu ke yin kore da ja-ja. Wannan ƙira ce, canji ba ya maganinsa. Sannan a duba ko garanti ya ambaci ƙonewar hoto, wato inuwar hoton da ke zama a allo ba ta gogewa, a fili. Waccan Alienware ɗin ta zo da shekara uku, amma ba kowane kamfani ne ya fara da haka ba.

Masu mini LED kuma, wato ƙananan fitilun baya da aka kasa yanki-yanki, zoben haske a kewayen abu fari a kan baƙi ba lalacewa ba ne. Yankuna 1152 a allon 4K, kowane yanki yana haska ɗigo 7,200. Mai 384 kuwa 21,600. Kibiyar linzami ɗaya sai ta kunna yankin gaba ɗaya.

Sadiq: Na gode ƙwarai. To a aikace, ranar da kwali ya iso, me zan fara yi?

Hajiya Rabi: Kafin kwalin ma, kada ka biya kuɗin abin da bai fito ba. Ka bari masu gwaji da na'urar auna haske su fitar da sakamako, ka kuma bar zubin farko ya wuce, wata biyu zuwa uku. Ka saya inda ake karɓar kaya a mayar da kuɗi ba tare da sai ka kawo hujjar lalacewa ba, domin wannan ya fi garanti amfani a kan ɗigo ɗaya ko tsiyaya.

Idan ta iso, ka ɗauki hoton kwalin da lambar jikinta, ka ajiye duk soson ciki. In ta sha sanyi a hanya ka bar ta ta ɗauki zafin ɗaki kafin ka kunna. Ka bar ta a kunne rabin awa, ka sauke haske zuwa wanda za ka riƙa aiki da shi, wajen nit 120 a ɗaki (nit ma'aunin hasken allo ne), ba ɗari bisa ɗari ba. Ka goge gilashin, don ƙurar waje tana kama da mataccen ɗigo. Sai ka cika allo da launi ɗaya-ɗaya: baƙi don masu haske, fari don matattu da ƙurar da ta maƙale a ciki, sannan ja da kore da shuɗi. Toka mai matsakaicin haske shi ke tona dabbare-dabbare, musamman idan ka ja taga a kansa a hankali.

Nura: Bayan na Hajiya, ka shiga saitin Windows ka tabbatar saurin da aka zaɓa shi ne na monitar, don sau da yawa a 60Hz take tashi. Ka yi amfani da kebul ɗin da ya zo a kwali. Ka buɗe gwajin tsallaken firam na shafin intanet na TestUFO, ka ɗauki hoton allon da kyamarar da aka rage wa saurin rufewa zuwa kamar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa: idan akwatunan sun fito a jere babu giɓi, lafiya, idan akwai giɓi monitar tana zubar da firam. Ka gwada kowane matakin Overdrive a mafi girman sauri da kuma a 60Hz. Ka kunna FreeSync ko G-Sync ka shiga gem mai duhu, musamman wurin da ake loda mataki, a nan ƙyaftawa ke fitowa. Daga nan ka bar kwamfuta ta yi barci ka tashe ta sau da yawa, ka sauya tsakanin DisplayPort da HDMI, ka kunna HDR ka kashe. Matsalar manhaja a irin waɗannan sauye-sauyen take ɓuya, ba a tsakiyar wasa ba.

Sadiq: Idan na sami ɗigo ɗaya ja da ya tsaya fa, in mayar ko in gwada bidiyon nan masu walƙiyar launi?

Malam Habu: Ka gwada na awa ɗaya ko biyu, ba ya cutarwa a LCD, kuma wanda ya maƙale a launi ɗaya wani lokaci yana sakewa. Baƙi ƙirin wanda makunninsa ya mutu ba ya dawowa. A OLED kada ka bar irin wannan bidiyon yana ta yi, ka sa ta yi gyaran ɗigonta daga menu sau ɗaya ka sake dubawa. In bai tafi ba, ka mayar tun kwanakin ba su ƙare ba. Idan za a ba ka wata, ka duba watan ƙira da lambar bita a takardar da ke manne a bayanta, ka nemi wadda aka ƙera daga baya, don gyaran da ake yi wa layin haɗawa da manhaja a zubi na biyu da na uku ba a cika sanar da shi ba, a wannan takardar kawai ake ganinsa.